Tafukanmu a Bangon Yamma

Jikata ce ta kira ni a waya da hantsi, ta ce, "Hajiya, ana ɓamɓare simintin Soro, don Allah ki zo ki gani." Na ce, "Ke, ni da wannan gwiwar tawa? Me zan gani a tsohon bango?" Ta ce ni dai in zo. Na ajiye wayar ina mita, amma kafin in gama mitar na tsinci kaina ina neman mayafi. A cikin keke, tun daga Unguwar Boro har muka wuce unguwar Television, ban ga ko ɗaya daga cikin benayen da suka tsiro a bakin titi ba. Hancina cike yake da ƙamshin makuba, wannan jan ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi, ƙamshin da na yi zaton ya bi ƙuruciyata ya tafi. Yaran yanzu in ka ce musu gini, abin da ke zuwa musu a rai bulo ne da rodi da gilashi, ɗakin da in aka ɗauke wuta sai kowa ya fito yana fifita. Mu a cikin ƙasa muka yi karatu, kuma ba mu taɓa neman fanka ba.

Soro shi ne babban zauren makarantarmu, kuma ya girmi makarantar da ma jami'ar da ta mallake ta. Tsofaffi sun ce tun zamanin Turawa aka gina shi, lokacin da jirgin ƙasa ne kaɗai abin kallo a wannan tsallaken kogin Kaduna. An fara koya wa yaran reluwe awo a ciki, daga baya aka horar da malamai, sannan jami'a ta karɓe shi ta mai da shi reshenta na masu koyon zanen gini da safiyo. Wai Baturen da ya sa aikin jan bulo yake so, maginan da aka ɗauko daga Zariya kuwa suka ce su ƙasa suka gada. Da gardama ta yi tsawo sai aka raba ta biyu: daga tushe zuwa ƙugun mutum jan bulo, daga nan har sama tubali. Baba Magini, jikan ɗaya daga cikin waɗancan maginan, wanda shi ke kula da ginin a zamaninmu, yakan buga bangon da tafinsa ya ce, "Soro ɗan gida biyu ne. Wandonsa na Bature, riga da hula namu."

Kai, ina ma za ku shiga Soro a tsakiyar bazara! Kana tsallake dokin ƙofa sanyi zai tare ka kamar ka leƙa cikin randa. Kaurin bangon ya kai mutum ya kwanta a kai. In ka ɗaga kai za ka ga bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da suka taso daga bango suka je suka haɗu a tsakiya, a tsakaninsu an jera azarar giginya, ta yi baƙi wuluk don tsufa, tana ƙyalli. Tagogin ƙanana ne, can sama, haske na zubowa ta cikinsu a hankali ba ya kashe ido. Bangon gabas ba shi da taga ko ɗaya, don ta nan ruwan Kaduna ke dukan gini, maginan kuma sun san haka tun kafin a haifi malamanmu. A waje, kowace kusurwa da zankonta a tsaye kamar kunnen zomo, ga dogayen indararo da ke watsa ruwa nesa da tushe. Malami zai tsaya a tsakiya ya yi magana kamar yana hira da matarsa, na bencin ƙarshe ya ji shi rangaɗaɗau. Mu ma in muka yi gulma a baya haka yake jinmu, kuma mun sha kunya kafin mu gane. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ce da aka rataye a bishiyar maina. Ita da jiniyar masaƙa da kukan jirgin ƙasa su ne agogonmu, yanzu kuwa duk ukun sun yi shiru.

Sai dai ginin ƙasa ba ya son a manta da shi. Baba Magini kullum maganarsa, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Saboda haka kowace shekara kafin ruwan fari ake yin ranar yaɓe, kuma aikin 'yan ajin ƙarshe ne. A shafe rufin da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin awaki da dafara don ruwa kada ya ratsa, sannan a yi wa bango sabon yaɓe a bi shi da makuba. Ladan aikin kuwa ɗaya ne: in an gama rufi, kowane ɗalibi zai danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓen bangon yamma, wanda ruwa ba ya duka. Shekara mai zuwa sabon yaɓe ya rufe na bana, wasu hannuwan su hau. Baba ya ce bangon yamma ya fi sauran kauri da kusan taki guda, kuma duk kaurin nan hannuwan mutane ne. Akwai kuma wata al'ada da ba malamin da ya koyar da ita. In saurayi ya ɗora tafinsa har ya taɓa na yarinya, to ya faɗi abin da ke ransa a gaban kowa. In tana so ta bar shi, in ba ta so ta ɗebi laka ta shafe shi, a yi ta yi masa dariya har ya bar makaranta.

Ni 'yar unguwar Makera ce, mahaifina ma'aikacin masaƙa, kuma mu mata a ajin ba mu da yawa. Aminiyata Doshima, 'yar Binuwai da ke zaune da mahaifiyarta a Television, ita ce bakin ajinmu, ba ta tsoron kowa. Akwai kuma wani dogon yaro, sunansa na yanka Usman, amma Cindo kowa ke ce masa, don yana da yatsa na shida a hannun dama, kakarsa ta hana wanzami cirewa. Tunda muka shiga makarantar nan bawan Allahn nan bai taɓa ce mini komai ba ban da, "Don Allah ara mini fensir." Kuma ina ganin fensirori a aljihunsa! Doshima takan ce, "Wannan naki, in ba bango ya yi masa magana ba, sai kin tsufa a gidanku o." Nakan harare ta, amma a raina na san gaskiya ta faɗa. Duk ɗokin da 'yan ajinmu ke yi na ranar yaɓe, nawa ya ninka nasu, don ina so in ga inda Cindo zai ajiye hannunsa.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa bana ba yaɓe. Hukumar makaranta ta gaji da hidimar kowace shekara, ta ba da kwangilar a lulluɓe bangon Soro da siminti, a huta. Lokacin kowa siminti yake ɗauka wayewa, ba wanda ya ga laifinsu sai mu. Ranar nan ban iya cin abinci ba. Muka taru muka tafi ofishin Shugaba, wani dattijo mai furfura da tabarau, muka cika masa baranda. Mazan da suka yi ta cika baki a hanya suka koma susar ƙeya, sai Doshima ta kutsa gaba.

"Yallaɓai, abeg, rana ɗaya kawai muke roƙo. Kowa ya sa hannu a bangon nan, sai mu ne 'yan bora?"

Shugaba ya zare tabarau ya ce, "'Yata, hannun da siminti zai rufe, mene ne amfaninsa?"

"Yallaɓai, naka ma ai an rufe shi da yaɓe. Ka daina jin yana nan?"

Na ce a raina yau Doshima ta jawo mana kora. Sai muka ga dattijo ya dubi tafin hannunsa, ya yi murmushi. Ashe shi ma a Soro ya yi karatu zamanin horar da malamai. Ya ce, "Rufi dai dole a yi masa laso ko da siminti ko babu. Na ba ku Asabar mai zuwa. In kun gama rufi, bango naku ne. In ba ku gama ba, ba wata Asabar, masu kwangila na nan tafe." Muka fito muna tsalle kamar an ce mun ci jarrabawa.

Duk satin nan ba wanda ya yi karatun kirki. Maza na haƙo jar ƙasa suna kwaɓawa da ciyawa, mu muna jiƙa ɓawon ɗorawa a ganguna har hannuwanmu suka rine. Amma don tsabar murna ba wanda ya duba wace Asabar ce aka ba mu, sai ranar Juma'a da yamma wani ya dafe kai ya ce, "Jama'a, gobe fa ƙarshen wata!" Zamanin soja ne, Asabar ɗin ƙarshen wata ranar shara ce, ba mota ba babur har sai hantsi ya dubi ludayi, wanda aka kama yana yawo kuwa tsallen kwaɗo zai yi a bakin titi. Ga Baba Magini a Tudun Wada, can tsallaken gada, shi da motar kayan laso. Rabin yini ya tafi ke nan tun ba a fara ba.

Dabarar Doshima ce ta fisshe mu. Ta ce kowa ya fito da tsintsiya. Da gari ya waye na ɗaura zane na fito ƙofar gidanmu ina shara, na share ƙofar maƙwabta, na share ta maƙwabtan maƙwabta, ina sunkuye ina tafiya. Wani soja a mahaɗar hanya ya dube ni ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa, haka ake so." Da na sha kwana sai ga 'yan ajinmu ta kowane lungu, kowa a duƙe, har da masu gemu, ana ta sharar titin da ba na unguwar kowa ba, duk an nufi Soro. Dariya ta kusa kayar da ni a kwata. Har yau in na ɗauki tsintsiya sai na tuna, Kaduna ba ta taɓa shan shara irin ta ranar ba.

Kafin a saki hanya mun tattake ƙasar bango ta yi laushi, mun kafa tsani, mun jera kwanonin ɗiba. Da motar Baba ta shigo, akori-kura ce mai tari, muka yi mata guɗa kamar motar amarya. Wasu suka ce a fara da bango tunda ƙasa na nan a shirye, Baba ya daka musu tsawa tun bai sauko ba.

"Kai, ku kiyaye ni! Wa ya taɓa sa wa amarya lalle kanta ba ɗankwali? Rufi tukuna!"

Aka haɗa laso, aka yi layi daga ƙasa har sama, kwano na bin hannu yana hawa, wani na saukowa. Cindo ne a can ƙololuwa don ya fi kowa tsawon hannu, yana shafawa yana bi da dutsen guga. Mu muna jigilar ruwa daga famfo, zufa na shiga mana ido, Doshima na ba da waƙa da yarensu muna amsawa ba mu san me muke cewa ba. Mahaifiyarta ta zo da tukunyar kunun zaƙi a ka, ta ce ba ta sayarwa yau. Ana ta raha har azahar ta wuce, an ci fiye da rabin rufi, sai iska ta ɗauke cak. Baba ya ɗaga kai ya dubi gabas, mu ma muka duba. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen Sabon Tasha, irin wanda ba ya wasa.

Na dubi bangon yamma, ko yaɓen ba a fara ba, na ji hawaye na neman zubo mini. Daidai nan jiniyar masaƙa ta yi kuka, 'yan aikin safe suka fito, hanyarsu kuwa ta bayan makaranta take. Ban san lokacin da na yar da bokiti na ruga bakin waya ba. Ga mahaifina a kan kekensa cikin abokansa. Na ce, "Baba, ku taimake mu, ruwa zai cinye mana rufi!" Ya dubi sama, ya dube ni da laka har gira, ya jingine keke ya ce wa mutanensa, "To, hannu da yawa maganin ƙazamar miya." Wallahi sai ga su suna tsallako waya, Musulmi da Kirista, Bahaushe da mutumin Filato, suna naɗe ƙafar wando. Layi ɗaya ya zama uku. Baba Magini ya raba mu, 'yan masaƙa su kama rufi da maza, mu mata da sauran mu yaɓe bango. Iska ta taso tana kwasar ganyen maina tana watsa mana, ana ihu, ana miƙa kwano, wani na kiran a kawo tamfol ɗin mota da zana a rufe inda aka gama. Har Shugaba muka gani ya fito da laima, iska ta juye masa ita, ya yar ya kama bakin tamfol.

Ɗigon farko ya faɗo mini a wuya daidai lokacin da Baba Magini ya ɗaga hannu daga kan tsani ya ce, "Rufi ya yi! Ku je ku sa hannunku!" Wayyo, wannan gudu! Muka yi dafifi a bangon yamma, ruwa na dukan gabas kamar da bakin ƙwarya, mu nan ko jiƙewar kirki ba mu yi. Na zaɓi wuri daidai kafaɗata na danna tafina. Lakar da sanyi, da laushi, ta kama hannuna kamar ba za ta saki ba. Doshima ta sa nata a hagu da nawa, sannan ta tsaya ta baje zane ta tare wurin da ke dama da nawa, duk wanda ya matso ta ce, "Oga, wuce gaba, an kama nan."

Cindo ne na ƙarshen saukowa, don sai da ya ɗaure tamfol. Ya zagayo a jiƙe sharkaf, laso har gashin kansa. Ga wuri fal a ƙarshen bango, kowa na nuna masa. Ya wuce wurin nan bai ko kalla ba. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙafata. Sai na ji Doshima ta ƙwala ihu, "Ya yi magana o! Bebe ya yi magana!" Na ɗago. Ga tafinsa a jikin nawa, babban yatsansa ya hau kan ɗan ƙaramina, ga ɗan cindon can gefe ya fito raɗau. Wani shaƙiyyi ya miƙo mini curin laka ya ce ga ta in ina bukata. Na karɓa, na juya, na shafa wa shaƙiyyin ita a riga. Aka fashe da sowa.

Sai a lokacin na tuna mahaifina na tsaye a bayanmu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya matso ya duƙa ya ƙare wa bangon kallo, ya ce, "Wannan mai yatsa shidan na wane ne?" Cindo ya durƙusa a cikin taɓo, ya ce, "Nawa ne, Baba." Mahaifina ya ɗauki hularsa ya matse ruwa, ya ce, "To, ka ce wa manyanka su zo gida. Bango ba ya ba da aure."

Bayan 'yan makonni masu kwangila suka zo suka buga ragar ƙarfe suka lulluɓe komai da siminti. Daga mu ba a ƙara yaɓe ba. Ni da Cindo muka yi aure, muka haifi 'ya'ya, ya zama Alhaji, ya zana gidaje da yawa a garin nan. Masaƙu suka rufe, Doshima ta koma garinsu bayan wata fitina da ta raba unguwanni, Baba Magini da mahaifina suka riga mu gidan gaskiya. Duk lokacin da muka wuce ta gaban Soro Alhaji yakan rage gudu ya ce, "Muna nan a ciki fa." Bara shi ma Allah ya karɓi abinsa.

Da keke ya ajiye ni, na tarar an kafa katakai a jikin Soro. Wai yanzu an gane siminti na riƙe danshi yana cin ƙasar ciki, za a cire a mai da shi yadda yake, har ana neman masu sanin laso. Jikata, wadda ita ma zanen gini take karanta a nan, ta kama hannuna ta ja ni ta bayan ginin. Bangon yamma a buɗe, tunda mu ne na ƙarshe, mu ne a sama. Tafuka birjik, wasu raga ta ci, wasu kamar jiya aka danna. Ɗalibai sun taru suna ɗauka a waya. Ta nuna da yatsa, idonta ya ciko, ta ce, "Hajiya, ni na fara ganewa. Ga hannun Alhaji."

Na gwada sa hannuna a nawa, ya ƙi shiga, yatsun sun kumbura sun karkace. Sai na matsa dama na sa a nasa. Ya shige har da sauran wuri, kamar yadda ya saba. Wani ma'aikaci ya ce, "Mama, a yi hankali, ba a taɓawa." Na ce masa, "Yaro, bar ni. Mijina ne."